Hannu Ɗaya a Ƙirji, Ɗaya a Sake

Liman na yin sallama na ji an damƙe min wuyan hannu. Na waiga, sai ga wani dattijo mai gemu ja da lalle yana harara ta kamar ya kama ɓarawon akuya. A masallacin wani gari da ake kira Turawa ne, sallar azahar, ranar da muka baro Karaye.

"Kai samari, wace irin salla ce wannan ka zo mana da ita?"

Na san abin da nai. Kun dai san rigimar da ake ciki yanzu a kan hannu. Wasu in sun tsaya salla sai su naɗe hannuwa a ƙirji, su ne 'yan kabalu. Wasu kuma su sake su a gefe yadda muka taso muka ga iyayenmu na yi, su ne 'yan sadalu. To ni da na shiga sahu, na damana wani saurayi ne mai sabuwar hula, ya naɗe nasa tsaf. Na haguna kuwa wannan dattijo ne, ya saki nasa. Na ce a raina in na naɗe tsohon nan zai ci mutuncina, in na saki saurayin nan zai ce tsoro na ji. Ina cikin wannan wasi-wasi na yi kabbara, hannun dama ya hau ƙirji, na hagu ya zauna a gefe, kuma a haka na kai har ƙarshen salla.

Nan da nan aka kewaye mu a ƙofar masallaci. Dattijo na cewa wasa na zo yi da addini, saurayin na cewa rabin gaskiya na sani na ɓoye rabi. Abokin tafiyata, wani wanzami mai bakin tsiya, shi ya cece ni. Ya kutso da zabirarsa a kafaɗa ya ce a yi haƙuri, yaron nan sanyi ne ya kama masa kafaɗar hagu, shi ma ƙaho zai yi masa in mun sauka. Liman dai ya gane zancen, na ga yana danne dariya. Ya ce salla ta yi, a bar baƙo ya kama hanyarsa. Dattijo ya sake ni, amma har muka fita gari ina jin idonsa a ƙeyata.

Bari in koma baya kaɗan ku ji abin da ya fito da ni. Ni dai zama wuri ɗaya bai taɓa karɓa ta ba. Na bar makarantar Midil a Kano ban gama ba, nai karen mota, nai awon gyaɗa a kanti, daga ƙarshe na zauna wajen wani tela a Fagge ina koyon ɗinki. Maigidan nan nawa mutumin kirki ne, shi ya fara kai ni zikirin yammacin Juma'a. Wallahi in aka haɗa murya ana ambaton Allah, har tsigar jikina tashi take. A wajensu na koyi kabalu, har maigida ya sa min wata Juma'a da zai kai ni gaban muƙaddaminsu in karɓi wuridi, in zama ɗan ɗariƙa sosai. Na zo gida Karaye in sanar da Baba, sai na fara da naɗe hannu a masallacin ƙofar gidanmu, a gabansa, a gaban abokan aikinsa na ofishin hakimi. Baba malamin haraji ne, ba ya faɗa a gaban mutane. Sai da muka shiga zaure ya ce in tafi Beli wajen Kawu, yayan innata, tunda shi ne mai karatu a dangi. In je in ji, in dawo masa da amsa guda. In kabalu na zaɓa, to in tattara kayana in koma Kano gaba ɗaya, don ba zai zuba ido ɗan cikinsa ya raba masa masallaci biyu ba.

Da asuba muka tashi, ni da wanzamin nan da za shi wani suna a ƙasar Rogo, da wani mai jakai da ya ɗauko gishiri da kananzir zai kai kasuwa. A bakin gari muka sha koko da ƙosai na kwabo-kwabo, mai kokon tana ta mitar wai wake ya yi tsada. Hanya daga Karaye shar da ita, an share an zuba marmara, amma iyakar inda motar Di'o, Baturen mulki, ke kaiwa in ya zo rangadi. Daga nan sai turba, rairayi har idon sawu. Kaka ta fara shigowa. An girbe gero an jingine, dawa ta fid da kai ta sunkuya, ko'ina ka duba mutane ne a duƙe suna cirar gyaɗa. Duk gonar da muka wuce sai an yi mana sannu da hanya, mu yi musu barka da aiki, wani ma ya jefo mana dunƙulen gyaɗa da ƙasarta. Ni kuwa ina tafe ina jera hujjojin da zan yi wa Kawu, na wannan ɓangare da na wancan, don har ga Allah ban san wanda nake so ya ci ba. Da wannan kan na shiga masallacin Turawa, kun kuwa ji yadda ta kaya.

Daga Turawa har bakin kogin Calawa wanzami bai bar ni na huta ba. Wai ya ji ana ɗariƙu iri-iri, amma yau ya ga sabuwa, kuma yana alfahari da shehunta ya yi tafiya. Yana roƙon in na tara almajirai in ba shi aikin aske musu kai. Mai jakai ba shi da magana, amma na ga kafaɗunsa na rawa.

Kogi ya kawo ruwa har ƙirji. Masu fito suka ɗora kayanmu a kan manyan gorunansu suna turawa, mu kuma muka tuɓe riguna muka naɗa a ka. Gishirin nan shi ne abin ji, mai jakai na bin sa da ido kamar jariri. Wani jaki ya kafe a tsakiyar ruwa, ja ya ƙi, turi ya ƙi, sai da ɗaya daga masu fiton ya kama kunnensa ya yi masa wata magana da ban ji ba, sannan ya taka. Wanzami ya ce a tambayo mana abin da aka faɗa masa, ko zai yi aiki a kan matarsa.

Muna hawa gaɓa hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, irin na ƙarshen damina mai zuwa da iska. Mai jakai ya dubi sama ya dubi gishirinsa, ya karkata da mu wata 'yar turba cikin dawa. Ya ce akwai gidan wani abokinsa a kusa, Bamaguje ne, Sarkin Noma ake ce masa. Tun ina yaro nake ganin Maguzawa a kasuwar Karaye, amma ban taɓa shiga gidansu ba, sai labarin giya da tsafi da ake ba mu.

Gida ne babba, rumbuna sun fi ɗakuna yawa. Karnuka suka tare mu da haushi, ƙamshin dawar da ake dafawa ta giya kuwa tun daga nesa. Maigidan ya fito, dogon tsoho sanye da walki, ƙirjinsa duk furfura. Suka gaisa da mai jakai, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar jakai ɗaya bayan ɗaya. Ya taya mu shigar da kaya zaure, ruwa kuwa ya ɓarke.

Abin da ya fara ba ni mamaki, bai ko tambaye mu ba ya ƙwala wa uwargidansa kira ya ce ta kawo na baƙi. Sai ga ta da buta, da buzun rago, da wata ƙwarya sabuwa fes. Ashe a rataye suke a ɗaki, ba mai taɓa su a gidan, na Musulmin da hanya ta biyo da shi ne. Ya nuna min wata rumfa a gefen zaure, an share ƙasanta, an jera duwatsu a layi suna duban gabas. Ya ce tun zamanin ubansa wurin yake, wani bafatake ne ya daidaita musu duwatsun, kuma duk shekara in an yi sabon jinka sai an yi wa rumfar nan. Uwargidan ta leƙa sama, ko rana ba a gani, ta ce min, "Ɗan nan, la'asar ɗinku fa ta yi."

Wanzami da mai jakai suna fama da ɗigar da ke neman gishiri, suka ce in yi tawa, sa biyo baya. Nai alwala na shiga rumfa ni kaɗai. Ruwa na dukan jinka, ƙasa na ƙamshi. Sarkin Noma ya zauna can gefe yana tufkar igiya, in kare ko akuya za su gifta ta gabana sai ya kore su da ƙafa. Rabon da in yi salla ba tare da ina satar kallon na kusa da ni ba, har na manta. A gidan nan ba wanda ya san kabalu balle sadalu, ba kuma wanda zai kai labarina Fagge ko ofishin hakimi. Na idar a natse, na ji wani sanyi a raina.

Ina naɗe buzu ya ce min, "Allah ya karɓa, malam ƙarami. Me ka ce masa?"

Na ɗauka ba'a ce, na dube shi, na ga da gaske yake. Ya ce ya daɗe yana son ya yi wannan tambaya, amma manyan malamai da ke sauka a gidan kunyarsu yake ji, ni kuwa ya ga sa'an jikansa ne. Ya ce shi in ya je gindin tsamiyar kakanninsa da zakara, a fili yake faɗar abin da ya kai shi: a ba su ruwa, a tsare yara daga ƙyanda, kada fari su sauka a dawa. Shekara sau ɗaya ko biyu ke nan. Mu kuwa yana ganin kullum sau biyar muke zuwa, ya ce lalle maganar da ke tsakaninmu da Allah mai yawa ce.

Na buɗe baki. Fatiha dai tun ina makarantar allo take kaina, ko a barci aka tashe ni zan karanto ta. Na san farkonta godiya ce. Daga nan na tsaya cak. Ni da in Bature ya yi magana a hankali nakan iya juya wa mutane rabinta da Hausa, ga abin da nake faɗa tun kafin in san ciwon kaina, na kasa juya shi. Na ce masa ai da Larabci ake yi.

Ya ce, "Ai na san shi yana jin Larabcin. Kai nake tambaya."

Na juya wajen wanzami ko zai cece ni kamar na Turawa. Ya ɗaga hannu ya ce shi aska aka ba shi gado, a tambaye shi jijiyar wuya. Mai jakai ya ce shi dai yana yi ne yadda ubansa ya koya masa, kuma yana sa rai. Aka yi dariya gaba ɗaya, har da ni. Sarkin Noma bai ƙara tayar da zancen ba. Ya sa aka kamo zakara, ya miƙo min wuƙa ya ce in yanka da kaina yadda zai ciwu gare mu, don haka suke yi wa baƙi. Muka ci shi da tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, su suka sha abinsu a can cikin gida, mu aka kawo mana kunun tsamiya a ƙwaryar nan.

Kada wani ya ce tsamiyar tsohon nan ta ja ni. Tasa tasa ce, ni Musulmi na shiga gidan, Musulmi na fito. Amma da safe da ya rako mu har bakin gonarsa, ya cika min aljihu da gyaɗa, duk hujjojin da na jero daga Karaye sun zube. Tambayarsa kawai nake tafe da ita.

Ƙasar Rogo ta fi tamu fadama. Rake ko'ina, ga masu mazarƙwaila sun kafa injinsu doki na zagayawa, hayaƙi na tashi, ƙudan zuma sun fi mutane yawa. Muka sayi curi guda muka raba uku. A mararrabar Beli wanzami ya rabu da mu, ya ce in kafaɗar ta sake tashi in aika masa.

Na iske Kawu a zaure ya shirya min. Ashe Baba ya riga ya aiko ɗan saƙo a keke. Littattafai ne jibge a kan tabarma, kowanne an soka masa tsinke a inda za a buɗe. Bayan mun gaisa, ya tambayi Inna da Baba da mutan gida kaf, na sha fura, sai ya gyara zama ya jawo na sama ya fara. Na bari ya ɗan yi nisa don ladabi, sannan na ce, "Allah gafarta Kawu, kafin mu zo kan hannu, ina so a faɗa min da Hausa abin da nake cewa in na tsaya salla."

Ya dube ni ta saman littafin, ya dubi tarin da ya jibga. Har ga Allah na ga kamar bai ji daɗi ba, mutum ya wasa wuƙa an ce ba yanka. Ya tambaye ni wa ya sa ni wannan tambaya. Na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce ya san tsohon, shekarun baya shi ma ya yi salla a rumfar nan, amma shi ba a tambaye shi ba. Ya ture littattafan gefe, ya jawo kwandon gyaɗa ya ce in sa hannu, ba a karatu a gidansa da hannu a zaune.

Muna ɓarar gyaɗa yana ɗauko min ita gaɓa-gaɓa. Ya karanta, ya faɗa da Hausa, ya sa in maimaita. Da muka kai tsakiya na bar ɓarar. Ashe duk tsayuwar da nake yi, tun ina ɗan mitsitsi a bayan Baba, cewa nake ba ni da wanda zan bauta wa ko in nemi taimakonsa sai Shi, sannan in roƙe Shi ya nuna min hanya. Ni da na bar makaranta, na bar mota, na bar kanti, kowa na cewa yaron nan bai san inda ya dosa ba, ashe kullum da bakina nake roƙon a nuna min, ban ma san ina roƙo ba. Ban yi kuka ba, amma sai da na tashi na fita bayan gida na ɗan tsaya.

Kwanakin da nai a Beli, da safe gona, da yamma zaure. Muka gama Fatiha muka shiga abin da ake faɗa a ruku'u da sujada da zaman tahiya. Sallata ta koma a hankali, har Kawu ya ce in na ci gaba a haka sai an riƙa ajiye min tuwo. Sai ana gobe zan tafi na tuna da zancen hannu. Ya ce shi kam a sadalu ya taso, a kansa zai mutu, amma manyan malamai sun yi wannan sun yi wancan, kuma bai taɓa ƙin bin liman don hannunsa ba. Ya ƙara da cewa wannan ta ƙarshen kada in ce wa Baba daga bakinsa ta fito, don surukuta ba wasa ba ce.

Ranar kasuwar Rogo na sake haɗuwa da mai jakai, ya sayar da gishirinsa ya yi lodin barkono da mazarƙwaila. Kasuwa ta cika maƙil, masu sayen gyaɗa sun rataye sikeli a bishiya, manoma na tsaye suna kallon allurar kamar za su cinye ta. Na saya wa Inna tukunya, na ɗauko ta a ka har gida. Kogi ya janye, ruwa iya gwiwa, jakin nan ma bai yi gardama ba.

Na sami Baba a zaure bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na isar da gaisuwar Kawu. Ya ce to, me na zo da shi. Na ce a masallacin ƙofar gidansa yadda liman ya yi haka zan yi, ba zan raba masa jama'a ba. Wuridi kuwa ba zan karɓi na kowa ba tukuna, ba na Fagge ba, ba na ɗariƙar da shi Baba yake bi ba, sai na san abin da bakina ke faɗa. Ina kuma neman izini in an gama kaka in koma Beli in zauna wajen Kawu. Ya daɗe yana jan carbi. Na san ba amsar da ya so ke nan ba, shi so yake in ce nasa ne daidai a wuce wurin.

Can ya ce, "Beli fa babu sinima, babu fitilar lantarki. Kai da ko wata uku ba ka taɓa yi a wuri ɗaya ba."

Na ce haka ne. Ya ce to za a gani, in shiga in gai da innata. Bai ce in tattara kaya ba. Da aka kira magariba ma shi ya leƙo ya ce in fito kada mu rasa sahu.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa. Na fita neman wanda zai gaya min ɓangaren da zan tsaya, na dawo na san abin da ke tsayar da ni. Ko zan iya zaman Beli, wallahi ban sani ba, Baba ya fi ni sanin halina. Amma raina a kwance yake.

Saura maigidana tela, ga Juma'ar da ya sa ta matso. Ranar kasuwar Karaye na sami direban da na taɓa yi wa karen mota, zai kai gyaɗa Kano, na ba shi curin mazarƙwaila da wannan saƙo:

"Ka gai da maigida da kyau, da mutan shago. Ka ce masa Juma'ar nan kada ya jira ni. Ba fushi nai ba, ba kuma Baba ne ya hana ni ba, alherinsa yana raina. Zan je Beli in koyi abin da nake cewa in na tsaya gaban Ubangijina. In na iya, da ƙafata zan zo in zauna a zikirinsu in ji abin da suke faɗa, sannan in ba shi amsa, ko ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba. Kafin nan ya sa ni a addu'a. Ranar da muka haɗu kuma ya yi min ita da Hausa, yadda zan san abin da nake ce wa amin."